Ƙwayar da Umma ta ɓoye a kwalbar bitamin

Sallama gare ku, mutanena. Tun ranar da na rubuta muku cewa Mai Wayarin ya ce magabatansa na son zuwa gidanmu, wayata ba ta huta ba. Wata ta ce in turo hotonsa, wata ta ce in yi hattara da namiji mai yawan shiru. Na gode muku duka. Sai dai akwai abin da na ɓoye muku, kamar yadda na ɓoye masa, yau kuma zan sauke shi in huta.

Ga wadda yau ta fara leƙowa: ni ce auta a gidanmu, Autar ma ta zama sunana har a wurin aiki. Shekarata ashirin da shida. A shagon tabarau nake aiki, ni nake tsayawa a kanta in taya mutum zaɓen wanda ya dace da fuskarsa, in miƙe masa hannun tabarau idan ya karkace, in goge gilashi da ɗan ƙyallen nan mai laushi. Shi kuwa wayarin wutar lantarki yake yi. Gyaran fitilun cikin durowar gilas ya kawo shi shagonmu, bayan kwana biyu ya dawo wai idonsa na masa yaji. Madam, mai shagon, ta auna shi ta ce idonsa ya fi na kowa a cikinmu lafiya. Duk da haka sai da ya sayi tabarau na rana. Wata takwas ke nan, ban taɓa ganinsa a fuskarsa ba.

Abin da na ɓoye shi ne, ina da matsalar bugun zuciya.

Shekara huɗu da suka wuce ina shanya, na sunkuya zan ɗauki zani a bokiti, sai na ji kamar an kunna keken ɗinki a ƙirjina. Ba ciwo ba ne, gudu ne kawai, gudun da ba ya tsayawa. Da aka kai ni asibiti na'ura ta nuna bugu ɗari da casa'in a minti ɗaya. Nas ta zo da wata allura ta jijiya ta ce, "Za ki ji kamar za ki mutu, amma ba za ki mutu ba." Wallahi ba ta yi ƙarya ba, ta ko'ina. Kafin in gama salati zuciyar ta tsaya cak, sannan ta ɗauko tafiyarta ta kullum kamar ba ita ba.

Likitata wata gajeriyar mata ce mai saurin magana. Ta ce zuciyar kanta lafiya lau take, saƙon da yake umartar ta da bugawa ne yake ɓatan hanya wani lokaci. Ta ɗora ni a kan wata 'yar farar ƙwaya, atenolol, kullum da safe. Ƙwayar ta yi aiki, sai dai ta bar ni da sanyin hannu ko ana zafi, ga kasala, matakalar shagonmu ma sai na huta a tsakiya. Ta kuma ja mini kunne kan abu biyu: kada in yanke shan ta kai tsaye, kuma in na ga aure ya matso in zo mu zauna, don maganin bai dace da mai ciki ba.

Me ya sa ban faɗa wa Mai Wayarin ba? Saboda na taɓa faɗa. Shekara biyu baya wani malamin makaranta ya neme ni, na gaya masa gaskiya tun da wuri. 'Yan'uwansa mata suka ce mai ciwon zuciya ba ta haihuwa, in ma ta haihu ba ta tashi. Bai ce ya fasa ba. Kiran ne ya dinga raguwa har ya ƙare.

Ranar Lahadi da la'asar ina ɗakin Umma ina ninke wanki a kan gado, sai ga Gwaggo, ƙanwar Baba, da ƙaton mayafinta ruwan toka. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Na ji labari, Allah ya tabbatar da alheri. To, wannan karon ki ja bakinki ki yi shiru."

"Gwaggo, ai dole ya sani."

"Wa ya ce dole? Ciwon da ba a gani a fuska? Ke da ganinki kin fi ni lafiya. In kin shiga gidansa ya sani, lokacin ya san darajarki."

Na juya wurin Umma ina neman ceto. Ba ta dube ni ba. Ta jawo durowar gefen gado ta ɗauko wata tsohuwar kwalbar bitamin, ta zazzage jakata ta ciro maganina, ta shiga ɓalle ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a kwalbar.

"Ko ya gani a jakarki, bitamin ne," in ji ta.

"Haba Umma!"

"Auta, ni na ga yadda kika koma wancan karon. Rigunanki duka sai da aka rage su. Ba zan sake zuba ido in ga haka ba."

Gwaggo ta gyara zama. "Ni a ganina ma maganin ne ya riƙe ki. Yaushe rabon da abin ya tashi? Ya fi shekara. Jiki ne kawai ya saba. Ki gwada ajiye shi ki gani."

Don Allah kada ku zagar mini Gwaggo a ƙasan rubutun nan. Ita ta goye ni ina jaririya lokacin da Umma ta yi doguwar jinya, so ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa. Wautar tawa ce. Na zauna na yi wa kaina lissafi: in na ajiye maganin abin bai tashi ba, to na warke ke nan, wanda ya warke kuma ba shi da abin ɓoyewa. Kun ga yadda mutum yake yi wa kansa huɗuba idan yana son abu?

Litinin ban sha ba. Talata ma haka. Kuma gaskiya na ji daɗin jikina, hannuna ya yi ɗumi, na haye matakalar shago a guje har Madam ta ce ko an yi mini albishir ne.

Laraba da azahar Mai Wayarin ya shigo, cikin shuɗiyar rigarsa ta aiki, abin gwada wuta a aljihun gaba, gashin kansa duk ƙurar siminti. Ya jingina da kanta yana ba ni labarin gidan da ya gano mana: ɗaki biyu da falo, hawa na biyu, kicin ɗin da taga babba.

"Wayarin gidan dai sai na sake shi gaba ɗaya," ya ce. "Wanda ya yi shi bai ji tsoron Allah ba."

Ina dariya wani ɗan ƙaramin noti na hannun tabarau ya suɓuce mini ya faɗi ƙasa. Na sunkuya zan ɗauka.

Shi ke nan. Zuciyar ta tashi.

Na miƙe a hankali na dafa kanta. Jijiyar wuyana tana harbawa har ina jin ta a kunne, gumi ya keto mini, fitilun durowar suka fara yi mini nisa.

"Auta? Lafiya? Fuskarki ta canja."

"Kira mini Madam."

Madam ta san komai, don tun ranar da ta ɗauke ni aiki na faɗa mata. Ta riƙe ni muka shiga ɗakin awon ido, ta kishingiɗar da ni a doguwar kujera. Na ce masa, "Jakata. Akwai sirinji a ƙaramin aljihu, marar allura." Ya miƙo mini. Dabara ce da likita ta koya mini: in sa bakin sirinjin a bakina in hura da dukkan ƙarfina kamar zan tura abin cikinsa baya, in ƙirga goma sha biyar, sannan in kwanta a ɗaga mini ƙafafu sama. Da ya ga Madam ta kama ƙafafuna sai ya juya mana baya ya tsaya a bakin ƙofa, rungume da jakata kamar an ba shi ajiyar jariri.

Karon farko bai yi ba. Na sake hurawa har idona ya kawo ruwa. Madam ta ɗaga ƙafafun tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Sai na ji dum, shiru, sannan bugun ya dawo daidai.

Madam ta kawo mini ruwa ta fita ta bar ƙofar a buɗe. Ya juyo, bai matso ba.

"Wannan ba yau ya fara ba."

"A'a."

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu."

"Wata takwas muna tare, Auta."

Na faɗa masa komai, har malamin makarantar, har kwalbar bitamin, har kwana ukun da na yi ban sha magani ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ajiye jakar a kan tebur a hankali ya ce, "Kin tabbata yanzu kin ji daidai?" Na ce e. Ya ce akwai masu jiran sa a wurin aiki. Ya fita.

Madam ba ta bar ni na yi kuka ba sai da ta sa na kira asibiti a gabanta. Likita ta wanke ni tas ta waya, ta ce yanke irin wannan maganin kai tsaye shi kansa yana iya tayar da bugun, in koma kansa yau ɗin nan, in zo Juma'a da safe.

Ranar bai kira ba. Alhamis da safe ma shiru. Na duba wayata ya fi sau hamsin, har na ba wani dattijo tabarau na mata ya gwada. Sai wajen la'asar saƙo ya shigo:

"Na ji haushi. Har yanzu ban gama hucewa ba. Madam ta ce gobe za ki ga likita, ƙarfe nawa?"

Na rubuta, "Tara na safe." Na goge. Na sake rubutawa na ƙara da, "Da Umma za mu je."

"To."

To kawai! Ku faɗa mini, ya ake fassara "to"? Ni dai ban faɗa wa Umma komai ba, ban da cewa likita na nema na.

Juma'a na sa doguwar riga ruwan zuma da farin mayafi, Umma ta sa atamfarta mai ganye-ganye da take ajiyewa don fita ta mutunci. Muna shiga wurin jira, mai jerin kujerun roba da fankar da ke juyawa kamar ba ta so, na hango shi a layin gaba. Ya sa farar riga a goge, ya yi aski, ga ɗan littafinsa na aiki a hannu da biro. Ya taso ya durƙusa ya gaida Umma.

Umma ta amsa, sannan ta juyo ta yi mini wani kallo da na san fassararsa tun ina 'yar shekara biyar: za mu koma gida ai.

Da aka kira ni, mu uku muka shiga. Likita ta ɗago ta dube shi ta saman tabaranta.

"Wannan fa?"

Ya dubi Umma. Umma ta gyara mayafi ta ce, "Shi ne mai neman ta."

Likita ta juyo gare ni. "Kin yarda ya ji? In ba ki yarda ba yanzu zai fita."

"Na yarda."

"To zauna. Wace sana'a kake yi?"

"Wayarin wuta, ranki ya daɗe."

"Madalla, ka rage mini aiki." Ta jawo takarda ta zana zuciya. "Nan sama akwai makunni. Shi yake sakin wuta, ta bi waya ɗaya ta sauko, zuciya ta buga. Ita tata an halicce ta da 'yar ƙarin waya a gefe. Yawancin lokaci ba ruwanta. Wata rana sai wutar ta sauka ta wannan ta koma ta waccan."

"Ta dinga zagaye ke nan, ba ta wucewa," ya ce.

"Ka gama ganewa."

"To a cire ƙarin wayar mana."

Likita ta yi dariya. "Za mu zo nan, kada ka riga ni. Bari mu fara da magani. Ina wanda kike sha?"

Na ciro kwalbar bitamin na ajiye a teburin. Ta ɗauka ta juya ta, ta buɗe ta leƙa.

"Wa ya yi wannan?"

Can Umma ta ce, "Ni ce, likita."

"Mama, na san abin da ya sa. Amma da ta faɗi a hanya, aka buɗe jakarta aka ga bitamin, wanda zai taimake ta bai san me ke jikinta ba, zai iya ba ta abin da ba ya haɗuwa da shi. Magani ya zauna a kwalinsa."

Umma ta sunkuyar da kai ta ce, "An daina." Na tausaya mata, don ban taɓa jin wani ya yi mata faɗa ba.

Daga nan likita ta shiga jero mana hanyoyin, shi kuma yana rubutawa a ƙarƙashin awon gidan wani. Sunayen da zan kawo muku daga littafinsa na kwafo su, yadda ta rubuta masa.

Ta ce wanda nake sha yana rage wa zuciya gudu ne, kuma ya yi mini aiki, amma ana guje masa ga mai ciki saboda yana iya hana jariri girma yadda ya kamata. Yana da ɗan'uwa, metoprolol, aikinsu kusan ɗaya, shi an fi natsuwa da shi ga mai shirin haihuwa. "Sai dai ban yi miki alkawarin sanyin hannun zai tafi ba. Gidansu ɗaya."

Na biyu, verapamil, daga wani gidan daban. Wasu ba ya sa su kasala kamar na farko, amma yana iya ɗaure ciki, ya kumbura ƙafa, ya sauke hawan jini fiye da yadda ake so. Ba kuma kowane mai irin matsalata ake ba shi ba, sai an duba takardar awon bugun an ga ta yarda. Tawa ta yarda.

Ya ɗaga biro. "In aka haɗa na farko da na biyu fa? Ba sai su fi ƙarfi ba?"

"Kai in ka ga wuta ta yi yawa, makunni biyu kake kashewa lokaci ɗaya ka bar mutane a duhu? In aka haɗa su barkatai zuciya na iya yin sanyin da ba a so. Ba abin da mutum zai yi wa kansa ba ne a gida."

Ya ja layi biyu a ƙarƙashin wannan.

Na uku, flecainide, ta ce shi ba gudu kawai yake ragewa ba, hana wutar zagayen yake yi. Ya fi ƙarfi, kuma ba a ba da shi sai an ɗauki hoton zuciya an tabbata ginin ta lafiya yake. Ana ajiye shi sai na farkon sun gaza. Akwai kuma amiodarone, wanda ta ce in cire shi daga raina: yana aiki sosai, amma in an daɗe ana sha yana iya taɓa huhu da hanta da ido, ya jawo matsala irin ta maƙoƙo, ga mai ciki kuwa ba a so ko kaɗan sai in babu makawa.

Umma ta yi gyaran murya. "Maƙwabciyarmu ma bugun zuciya gare ta, ita maganin tsinka jini aka ba ta. Ita Auta ba ta buƙata?"

"Nata daban ne, Mama. Akwai irin da zuciya take karkarwa, jini ya kwanta ya daskare, su ake ba wancan. Kada ki bari ta karɓi ko ƙwaya ɗaya a hannun maƙwabciya."

"Wa? Ni? Allah ya kiyaye," in ji Umma, kamar ba ita ta yi aikin kwalba ba.

Sannan likita ta dawo kan maganarsa. Ta ce akwai aikin da ake yi ba tare da an tsaga ƙirji ba: a zura siririyar waya ta jijiyar cinya har zuciya, a nemo ƙarin hanyar a ƙona ta. Mafi yawan waɗanda aka yi wa suna rabuwa da matsalar, su ajiye magani gaba ɗaya. Yana da ɗan hatsarinsa kamar kowane aiki, kuma an fi so a yi shi kafin ciki.

"Wannan za a yi," ya ce nan take.

"Ba kai za a kwantar ba, malam." Ta juyo da kujerarta ta fuskance ni. "Ke nake tambaya. Me ya fi damun ki, me kike so?"

Kun san shekara huɗu ina zuwa ɗakin nan, amma ban taɓa faɗin abin da nake so ba, sai dai a rubuta in karɓa? Na ce na gaji da kasala. Na ce ina son haihuwa. Na ce aikin wayar yana ba ni tsoro, amma ina so in je in ji bayaninsa daga bakin masu yin sa kafin in ce e ko a'a.

"Magana ta yi kyau," in ji ta. Muka tsaya a kan za ta mayar da ni metoprolol daga gobe, in dawo bayan sati huɗu ta ga yadda ya karɓe ni. In kasalar ta ƙi tafiya mu duba na biyun. Ta rubuta mini takardar sabon hoton zuciya da ta ganin masu aikin wayar.

Har mun yunƙura za mu tashi Umma ta ce, "Likita." Muryarta ta yi ƙasa. "Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, a gabansa. Za ta haihu?"

"Haihuwa ta Allah ce, Mama. Amma wannan matsalar ba ta hana ta. Na ga mata da yawa masu irin ta sun yi ciki sun sauka lafiya. Wasu abin yakan riƙa tashi da yawa in suna da ciki, shi ya sa nake so mu shirya tun yanzu, mu kuma riƙa duba ta. Abin lura ne, ba abin fasa aure ba."

Umma ta kai bakin mayafinta ido. Shi kuma ya rufe littafinsa, wannan bai rubuta ba.

A bencin gaban ɗakin magani, Umma ta shiga layi da kanta ta bar mu, wai ƙafarta ta gaji da zama. Muka zauna. Ni ina wasa da zoben hannuna, shi yana kallon wata waya da ta fito tsirara daga bango, na san ransa na ƙaiƙayi.

"Ka huce?" na ce.

"Saura kaɗan."

"Ka yi haƙuri."

"Ba ciwon ne ya ɓata mini rai ba. Da abin ya tashi a gabana ban san me zan yi ba, shi ne. Ina tsaye kamar gunki da jaka a hannu." Ya juyo. "Ki koya mini abin sirinjin nan. Kuma gidan da na faɗa miki, na ce a bar shi. Zan nemi na ƙasa."

"A'a wallahi, ina son tagar kicin ɗin nan. Likita ta ce hawa matakala ba ya cutar da ni."

"Yaushe ta ce?"

"Shekara huɗu da suka wuce. Ba ka nan."

Ya yi dariya, karon farko tun Laraba.

Da Umma ta dawo da ledar magani, ta tsaya ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta ce, "Soket ɗin kicin ɗinmu yana tartsatsi in an sa tukunyar lantarki. In ka samu sarari."

"Gobe da yamma, Umma."

Umma ya ce fa, ba Mama ba. Kuma ta amsa.

A gida ba ta yi mini faɗan da kallonta ya yi alkawari ba. Ta kira Gwaggo ta ba ta labari tiryan-tiryan, ina jin Gwaggo ta cikin wayar tana cewa, "Ai ni da ma na ce yaron nan da ganinsa ɗan mutunci ne." Na toshe bakina da filo don kada ta ji dariyata.

Bayan magariba ina zaune a falo ina karanta takardar cikin kwalin sabon maganin, raina fes, wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Na ɗauka na yi sallama.

"Ke ce 'yar shagon tabarau?" Muryar dattijuwa ce, a natse, ba gaggawa.

"Ni ce."

"Ni ce mahaifiyarsa."

Ban san lokacin da na sauko daga kujera na durƙusa a kan kafet ba, kamar tana gani na. Na gaishe ta, ta amsa da sakin murya, har ta tambayi jikina.

"Ya zo ya faɗa mini komai, har littafinsa ya karanta mini. Ban ce masa komai ba tukuna. Ina so ki zo gobe da safe, yana wurin aiki. Kada ki faɗa masa."

"To, Mama."

"Kada ki ji tsoro, 'yata, ba faɗa zan yi miki ba. Akwai abin da ban taɓa gaya masa ba game da rasuwar mahaifinsa. Da na ji bayanin likitarki sai na ga lokaci ya yi. Kuma ke nake so ki fara ji."

Ta yi mini sallama ta kashe.

Na ɗago, sai ga Umma tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ashe duk ta ji, don wayata ba ta da sirri. Muka kalli juna. Na jira ta ce kada in je, ko ta ce bari ta kira Gwaggo.

Ta ajiye ludayin ta goge hannunta da gefen zani.

"Tashi ki ɗauko shuɗiyar atamfarki in goge miki. Ni zan raka ki har ƙofar gidan, in jira a waje."